Kukan Zomo da Guba: Tarihin Yaƙin Makiyayan Amurka da Koyote

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 1804, ayarin Meriwether Lewis da William Clark, waɗanda shugaban Amurka Thomas Jefferson ya tura su binciko yammacin ƙasar, yana bin gaɓar kogin Missouri a yankin da ake kira Dakota ta Kudu a yau. A nan suka harbe wata dabba da ba su saba gani a gabashin ƙasar ba. Ta fi yanyawa girma, ba ta kai kyarkeci ba, kuma da dare tana cika fili da haushi da dogon kuka. Suka kira ta kyarkecin filin ciyawa. A 1823 masanin halittu Thomas Say ya raɗa mata sunan kimiyya na Latin, Canis latrans, wato kare mai haushi. Sunan da ya bi ta har yau kuwa, koyote, ya fito ne daga kalmar coyotl ta harshen Nahuwatal na mutanen Aztek, ya ratsa ta bakin Sifaniyawan Meziko kafin ya shiga Ingilishi.

Shekaru fiye da ɗari ke nan hukumomin Amurka da masu kiwon dabbobi suna kashe koyote da tarko da guba da bindiga da jirgin sama. Duk da haka, a yau ana samun sa a jihohi 49 daga cikin 50 na ƙasar, in ban da Hawaii, kuma ya bazu daga Alaska har Panama. Tarihin wannan yaƙi yana koyar da abu guda: yawan abin da aka kashe daban, kare garke daban, kuma an daɗe ana ɗaukar na farko a matsayin ma'aunin na biyu.

Dabbar da Matsayinta

Mai jin Hausa zai fi saurin gane koyote idan ya tuna da dila, domin dangi ɗaya ne, kuma sun yi kama a ƙira da hali. A yammacin Amurka nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 18. Abincinsa na yau da kullum ɓeraye ne da zomaye da mushe da fara da ƴaƴan itatuwa, amma idan ya samu ɗan tunkiya ko ɗan barewa ba ya ƙi. Namiji da mace sukan zauna tare shekara da shekaru, su mallaki yanki guda, su kore duk wani koyote da ya shigo. Suna barbara tsakanin Janairu da Maris, cikin yana yin kimanin kwana 63, sai a haifi kwiyakwiyai wajen shida a rami cikin Afrilu ko Mayu.

Kamar yadda dila ya zama malamin daji a tatsuniyoyin Hausa, haka koyote yake a labaran gargajiya na al'ummomin asali na Amurka, irin su Nabaho da Nez Perce. A wurinsu shi ne mai wayo da dabara, wanda kwaɗayinsa kan jefa shi cikin halaka, ya mutu, ya sake tashi. Turawan da suka shigo yammacin ƙasar da shanu da tumaki ba su gaji wannan kallo ba. Marubuci Mark Twain, a littafinsa na tafiye-tafiye na 1872, ya siffanta shi da ramammen matsoraci mai yunwa kullum, kuma wannan hoto ya zauna a zukatan masu karatu na tsawon lokaci.

Daga Kyarkeci Zuwa Koyote

Da farko ba koyote ne babban abokin gaba ba. Kyarkeci ne. Daga shekarun 1860 zuwa 1880, yayin da ake karkashe ɓaunayen Amurka miliyoyi saboda fatunsu, wasu mafarauta sun mai da neman fatar kyarkeci sana'a. Sukan harbe ɓauna, su tsattsaga naman, su barbaɗa masa gubar sitirikinin, su dawo da safe su tattara gawarwaki. Duk abin da ya ci naman mutuwa yake yi, ko kyarkeci ne, ko koyote, ko gaggafa, ko hankaka. Da ɓaunaye suka ƙare, shanu da tumaki suka cike filayen, sai namun dajin da suka rage suka juya kan garkunan. Jihohi da ƙungiyoyin makiyaya suka fara biyan tukuici ga duk wanda ya kawo fata ko kunnuwan dabbar da ya kashe. Tsarin ya ci kuɗi mai yawa, ya kuma buɗe ƙofar zamba, domin akan kai fata ɗaya ofisoshi daban-daban a karɓi lada.

A 1915 majalisar dokokin Amurka ta ware dala 125,000 ga Hukumar Binciken Halittu ta ma'aikatar gona domin ta ɗauki mafarauta aiki, su riƙa kashe dabbobin da ke yi wa makiyaya ɓarna. Daga nan aikin ya zama na gwamnatin tarayya. Hukumar ta kafa ɗakin gwaje-gwajen guba, wanda aka mayar da shi birnin Denver na jihar Colorado a farkon shekarun 1920. A kan kyarkeci an yi nasara cikin sauri. A 1926 aka kashe na ƙarshe a gandun daji na Yellowstone, kuma kafin tsakiyar ƙarnin ya kusa ɓacewa daga ƙasar baki ɗaya, sai a Alaska da arewacin Minnesota. Hukuma mai ma'aikata da kasafi ta wayi gari babban abokin gabarta ya ƙare, sai hankali ya koma kan koyote. A watan Maris na 1931 shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a kan dokar hana ɓarnar dabbobi, wadda ta bai wa sakataren gona ikon kawar da su a filayen gwamnati da na jama'a. Wannan doka ce ginshiƙin aikin har yau.

Ba zai zama adalci ba a ɗauki koken makiyayan a matsayin ƙage. A 1942 Amurka tana da tumaki kimanin miliyan 56, yawancinsu a buɗaɗɗun filayen yamma, inda makiyayi ɗaya da karnukansa kan tsare tumaki dubu ko fiye. Ribar shekara guda tana rataye ne a kan ƴan tumakin da suka rayu zuwa kaka. Koyote biyu masu ciyar da kwiyakwiyai suna iya ɗaukar ɗan tunkiya kusan kowane dare a lokacin haihuwa, kuma ƙididdigar ma'aikatar gona ta daɗe tana nuna cewa fiye da rabin tumakin da namun daji ke kashewa koyote ne ke kashe su.

Zamanin Guba da Masu Ja da Shi

Tun a shekarun 1920 wasu masana suka fara ɗaga murya. Ƙungiyar masana dabbobi masu shayarwa ta Amurka, da Joseph Grinnell na jami'ar Kalifoniya a Berkeley cikin jagororinta, ta zargi hukumar da cewa tana kisa ba tare da bincike ba. Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga Adolph Murie, wanda aka tura Yellowstone ya gano ko koyote na halaka barewa da sauran namun daji. Ya tattara kashin koyote fiye da dubu biyar, ya bincika abin da ke cikinsa, ya wallafa sakamakon a 1940. Abin da ya samu shi ne ɓeraye da makamantansu da fara da mushe, kuma manyan dabbobin da koyote ke kamawa galibi raunana ne ko marasa lafiya. Ya ba da shawarar a ƙyale shi a gandun. A cikin gandun an ƙyale shi, amma a wajensa yaƙin ƙaruwa ya yi.

A tsakiyar shekarun 1940 aka shigo da wata guba da ake kira 1080. Ba ta da wari da za a ce a zo a gani, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe kare ko danginsa. Akan yanka tsohon doki ko tunkiya, a yi wa naman allurarta, a ajiye shi a fili tsawon hunturu. An kuma yi amfani da gubar taliyam, da wata ƴar na'ura da ake kafawa a ƙasa a shafa mata wari mai jan hankali, wadda idan dabba ta ja da baki sai ta fesa mata gubar sayanaid. Sabon samfurinta, M-44, yana aiki har yanzu a wasu jihohi. A wasu yankuna yawan koyote ya ragu na ɗan lokaci. Amma guba ba ta zaɓe: karnukan makiyaya da yanyawa da gaggafa sun bi sahu.

A 1964 kwamitin da A. Starker Leopold ya jagoranta ya shaida wa gwamnati cewa kisan ya wuce abin da buƙata ta nema nesa ba kusa ba. A 1971 aka gano gawarwakin gaggafa da gubar taliyam ta kashe a kusa da Casper ta jihar Wyoming, sannan ta fito fili cewa ana harbin ɗaruruwansu daga jirgi mai saukar ungulu. Gaggafa ita ce tambarin ƙasar, don haka jama'a suka fusata. Wani kwamiti a ƙarƙashin Stanley Cain ya maimaita gargaɗin Leopold, kuma a Fabrairun 1972 shugaba Richard Nixon ya hana amfani da guba wajen kashe namun daji a filayen tarayya. Hanin bai ɗore yadda yake ba. An sassauta shi a 1975 domin M-44, Ronald Reagan ya soke umarnin a 1982, sannan a 1985 aka yarda da 1080 a cikin wani abin wuya da ake ɗaura wa tunkiya, ta yadda koyoten da ya cije ta a maƙogwaro ne kaɗai zai sha. Sai dai zamanin watsa nama mai guba a faɗin daji bai dawo ba.

Farauta da Kira

Yayin da gwamnati ke aiki da guba, wata hanya dabam tana bunƙasa a hannun mafarauta masu zaman kansu. Asalinta tsohuwa ce. Al'ummomin asali da mafarautan farko sun san cewa idan mutum ya tsotsi bayan hannunsa ya fitar da ƙara irin ta ɓera, mai cin nama zai matso ya duba. Hikimar ta yi kama da ta maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi ya kusanci dabba, sai dai shi maharbin yana yaudarar ido ne ya je wurin nama, mai kira kuwa yana yaudarar kunne ne nama ya zo wurinsa.

Bayan yaƙin duniya na biyu wannan dabara ta zama kasuwa, kuma jihar Texas ce cibiyarta. Iyalan Burnham na garin Marble Falls sun fara sayar da usur na kiran namun daji a farkon shekarun 1950, suka yaɗa sana'ar ta mujallun farauta da nune-nune. Usur ɗin ɗan bututu ne na itace ko ƙaho ko roba, a cikinsa akwai siririn harshe da ke karkarwa idan an busa, ya ba da kukan zomon da aka kama. A farkon shekarun 1960 Johnny Stewart na garin Waco ya fara naɗar kukan dabbobi na gaske a faifan garmaho, a ɗauki na'urar mai batir zuwa daji. Daga faifai aka koma kaset, daga kaset aka koma lasifikar zamani mai ɗauke da ɗaruruwan muryoyi, wadda ake ajiyewa nesa a sarrafa ta da rimot.

Kiran iri biyu ne. Na farko yana magana da cikin koyote: kukan zomo ko tsuntsu ko ɗan barewa cikin wahala. Ya fi tasiri a kaka da hunturu, lokacin da matasan da aka haifa a shekarar suka bar iyayensu suna yawo da yunwa da ƙarancin wayo. Na biyu yana magana da kishinsa: dogon kukan baƙon koyote da ya shigo yankin wani, ko kukan kwikwiyo da ke neman ceto. Wannan ya fi jan masu yankin, musamman lokacin barbara da lokacin reno. Mafarauci yakan zauna a jikin dutse ko kurmi da asuba ko da yamma, ya yi kira, ya yi shiru, ya jira minti 15 zuwa 30, in babu labari ya canja wuri. Babbar matsalarsa iska ce. Koyote ya fi amincewa da hancinsa a kan kunnensa, don haka yakan kewaya ta inda iska ke kaɗawa ya shaƙi warin mai kukan kafin ya ƙaraso. Wanda ya shaƙi warin mutum, ko aka harba aka kuskure, ya yi karatu ke nan, da wuya ya sake amsa irin wannan kira.

Fifikon kira a kan guba a bayyane yake, domin mai harbi yana ganin abin da zai harba. Amma daga sana'ar ne kuma aka samu gasar kisa, inda ƙungiyoyi ke fita na kwana ɗaya ko biyu, a ba da kyauta ga wanda ya fi tara gawa. Masu shirya ta sukan ce taimakon makiyaya suke yi. A nan ne tsohuwar tambaya ta sake tasowa: shin rage yawa a dunƙule yana rage ɓarna?

Dalilin da Lissafin Bai Fita Ba

Amsar ta fito daga masanan da yawancinsu ke aiki da gwamnati. A 1972 Frederick Knowlton ya nuna cewa a sassan Texas da ba a cika kisa ba, mace kan haifi kwiyakwiyai kimanin huɗu, a inda kisa ya yi tsanani kuwa kusan bakwai. Idan an rage bakuna, abinci ya wadata ga waɗanda suka saura, matasan mata su fara haihuwa da wuri, ƴaƴa da yawa su rayu. Ban da haka, a kullum akwai marasa yanki da ke yawo a gefe, kuma da zarar an kashe masu wuri sai su maye gurbin cikin makonni. A 1975 Guy Connolly da William Longhurst suka yi lissafi cewa sai an kashe kashi 75 cikin ɗari kowace shekara har fiye da shekara hamsin kafin a ƙarar da koyote a yanki, kuma idan aka tsaya, cikin shekara uku zuwa biyar zai koma yadda yake.

Kyarkeci bai da wannan kariya, domin rayuwarsa ta dogara da garke da manyan dabbobi. Kawar da shi kuwa ta zama gudun gara an faɗa gidan zago, saboda shi ne ke kashe koyote yana hana shi yaɗuwa. Da ya kau, aka kuma sare dazuzzukan gabas aka mai da su gonaki, hanya ta buɗe. Koyote ya bi ta kudancin Kanada, ya yi barbara da ragowar kyarketai a Ontario, ya shiga arewa maso gabashin Amurka da jiki mafi girma. A shekarun 1980 ya isa tsibirin Newfoundland, a 1999 aka kama ɗaya a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin New York, kuma tun shekarar 2000 Stanley Gehrt ke bin diddigin waɗanda ke zaune a Chicago da kewayenta. Binciken James Hody da Roland Kays na 2018 ya nuna cewa faɗin ƙasar da yake zaune ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin ɗari tun shekarun 1950. Yellowstone ta ba da shaida ta ɗaya ɓangaren: bayan an mai da kyarketai daga Kanada a 1995 da 1996, yawan koyote a kwarin Lamar ya ragu da kusan rabi cikin ƴan shekaru.

Wani binciken ya fi shafar makiyayi kai tsaye. A Wyoming, a farkon shekarun 1980, James Till da Knowlton sun gano cewa idan aka ɗauke kwiyakwiyai daga rami, ko da an bar iyayen, kisan tumaki yakan kusa tsayawa. A cibiyar bincike ta Hopland a Kalifoniya, a shekarun 1990, an gano cewa mafi yawan ɓarnar aikin ma'aurata ne masu yankin da ya haɗa da makiyayar, kuma yawan koyoten da aka kashe a shekara bai da alaƙa mai ƙarfi da yawan ƴan tumakin da suka tsira. Ke nan ana iya kashe hamsin a bar biyun da ke ɓarnar. Ana kuma iya kashe ma'auratan da ba su taɓa tunkiya ba, a buɗe wurinsu ga baƙin da za su taɓa.

Inda Aka Kwana

A tsakiyar shekarun 1980 aikin ya koma ma'aikatar gona bayan ya daɗe a ma'aikatar cikin gida, kuma sashen da ke gudanar da shi yana kashe koyote dubu sittin zuwa tamanin a yawancin shekaru, da yawansu daga jirgin sama. Jihar Utah ta dawo da tukuici a 2012, dala 50 kan kowane kai, da nufin kare barewa. A ɗaya gefen, Kalifoniya ta hana ba da kyauta a gasar kisa a 2014, jihar New Mexico kuma ta haramta gasar kisan koyote a 2019. Tumakin Amurka a yau kimanin miliyan biyar ne. Koyote yana da hannu a wannan koma baya, amma tsadar ma'aikata, da shigowar zaren roba a madadin ulu, da raguwar cin naman rago, da gogayyar Ostireliya da New Zealand su ma sun yi nasu aikin.

Canji mafi amfani ya zo ne daga tsohuwar al'ada. A ƙarshen shekarun 1970 Raymond da Lorna Coppinger na kwalejin Hampshire a Massachusetts suka shigo da karnukan tsaron garke daga Turkiyya da Italiya da Yugoslabiya, suka rarraba wa makiyaya. Irin wannan kare tare da tumaki ake renonsa tun yana kwikwiyo, ya tashi yana ɗaukar su danginsa, ya kwana cikinsu. Makiyayan Nabaho sun daɗe suna yin haka da karnukan gida. Wasu suna sa jaki a garke, ko lama, wata dabbar Kudancin Amurka dangin raƙumi, domin dukansu sun tsani dangin kare. Ga kuma shingen lantarki, da shigar da tumaki garka lokacin haihuwa, da kwashe mushe daga makiyaya. Babu ɗaya daga ciki da ke kawar da asara gaba ɗaya, kuma kowanne yana cin kuɗi da lokaci.

Kammalawa

Daga 1915 zuwa yau, rahotannin hukuma sun fi ƙidaya gawarwaki saboda su ne masu sauƙin ƙirgawa. Abin da makiyayi ke buƙata kuwa shi ne ƴan tumakinsa su kai kasuwa. Binciken rabin ƙarni ya nuna cewa kira da bindiga suna da amfani idan aka nufi ma'auratan da ke ɓarna, a makiyayar da abin ke faruwa, a lokacin haihuwar tumaki, tare da kare da shinge da idon makiyayi. Idan aka fita kisa a dunƙule cikin hunturu, nesa da garke, abin da ake samu fata ce da nishaɗin mafarauci, kuma kafin bazara ta gaba wasu sun cike gurbin.